Yadda na raba BMW E90 da tayoyin run-flat, na sa mata sababbin wili

Motar BMW 328i ce ta shekarar 2009, samfurin da makanikai ke kira E90, shigowar Amurka. Ta zo da wili mai inci 18, tayoyin gaba 225/40 R18, na baya 255/35 R18, dukkansu run-flat, wato tayoyin da ke iya ci gaba da tafiya ko iska ta fice. Wilin baya ɗaya ya tsage ta leɓen ciki yana satar iska, tayar gaba ɗaya kuma ta yi ƙululu a gefe. Shawarar da na yanke ita ce a sauko zuwa inci 17, a sayi sababbin wilin aloyi huɗu girma ɗaya, a ɗaura musu tayoyi na gama-gari 225/45 R17. Sauya robar ba wani abu ba ne. Aikin yana wajen lambobin da ke bayan wili, da sansar iska, da gurbin da run-flat take bari idan an cire ta, domin a wannan mota ita ce taya, ita ce kuma safaya.

Gefen run-flat an yi masa kauri da roba mai tauri, yadda ko iska ta fice gaba ɗaya zai ɗauki nauyin motar. Ƙa'idar mafi yawan kamfanoni ita ce tafiyar kilomita 80, a gudun da bai wuce 80 a awa ba. Da wannan BMW ta dogara ta ƙera E90 ba ramin safaya a but, ba jak. A Jamus lissafin ya fita, don shagon taya ba ya nisa. Wanda ya taso daga Kano kuwa, kilomita 80 wajen rabin hanyar Zariya za su ajiye shi, kuma ko ya lallaɓa ya shiga gari, ba lallai ya sami girman tayarsa a run-flat ba. Wadda aka taka ba iska, yawancin kamfanoni sun ce ba a yi mata faci, saboda zafi ya riga ya ci cikin gefen inda ido ba ya kaiwa. Ga kuma tauri. Gefen da ba ya lanƙwasa ba ya shanye duka, idan rami ya daki taya sai dukan ya zarce kan wili da shokazoba da bushin. Tsagewar leɓen ciki da ake yawan gani a wili mai inci 18 da 19 daga nan take.

Mai fargabar cewa motar ba za ta zauna a kan taya ta gama-gari ba, ya dubi M3 ta wannan zamanin, wato nau'in wannan mota mafi ƙarfi. Da tayoyi na gama-gari ta fito daga masana'anta, aka haɗa ta da ƙaramin famfo da robar toshe huji.

Na fara da tabbatar da abin da ke jikin motar, taya ɗaya bayan ɗaya, don motocin da aka shigo da su sukan zo a gauraye. Alamar run-flat ta BMW ita ce RSC cikin da'ira a gefen taya. Bridgestone tana rubuta RFT, Continental SSR, Michelin ZP, Goodyear ROF ko EMT, Dunlop DSST. Ba a gauraya su da na gama-gari. Biyu masu tauri a baya da biyu masu laushi a gaba na sa gaban mota da bayanta su riƙa amsa sitiyari daban-daban, kuma a kwana mai kaifi ko birkin gaggawa ake gane haka. Ko dai a sauya huɗun tare, ko a bar su. Mai xDrive, wato 328xi da 'yan'uwanta masu ja da ƙafa huɗu, shi abin ya fi shafa, domin bambancin tsayin taya tsakanin gaba da baya yana cin akwatin da ke raba ƙarfi ga ƙafafun huɗu.

Abu ɗaya da ya kamata a sani kafin a kashe kuɗi: taya ta gama-gari tana hawa wilin asali lafiya lau. Wilin run-flat na BMW yana ɗauke da alamar EH2 ko EH2+, wato tudun da ke riƙe bakin taya ta ciki an ƙara masa girma don kada ta zame idan ba iska. Wannan tudu ba ya hana ta gama-gari zama. Da wilin motar nan lafiyarsu ƙalau, kuma inci 17 ne, da roba kawai zan saya. Akasin haka ne ba a so, a sa run-flat a wilin da ba shi da tudun.

Lambobin wili

Biyar ne, kuma kowace tana da irin ɓarnarta idan aka kuskure. Yawancinsu suna rubuce a bayan wili, a jikin ƙafafunsa ko kusa da cibiya, sai an kifa shi ake gani.

Tsarin ramukan noti a E90 shi ne 5x120: ramuka biyar a kan da'ira mai faɗin milimita 120. Na Mercedes da Audi 5x112 ne, na Camry da Accord 5x114.3, ba sa shiga. Sabuwar 3 Series ma, G20 da ta fito a 2019, ta koma 5x112, don haka tambarin BMW a murfin wili ba hujja ba ce.

Ramin cibiya milimita 72.6 ne. A kan leɓen hob wili yake zama ya daidaita, noti riƙewa kawai suke yi. Wilin da na saya raminsa 74.1 ne, kamar yadda kamfanoni masu zaman kansu ke yi don ya shiga motoci da yawa, saboda haka na sayi zobba huɗu masu cike gibin daga 74.1 zuwa 72.6. Milimita ɗaya da rabi ba ta da yawa a ido, amma in babu zoben wili yakan zauna a karkace kaɗan, sitiyari ya riƙa rawa daga wajen gudun 90 zuwa 110. Mutum ya yi ta komawa wajen balansin, injin yana nuna sifili, rawa tana nan. Zoben roba mai tauri ya isa tuƙin gari da babbar hanya. Na alminiyam ya fi jure zafin birki, sai dai yakan liƙe jikin hob idan ba a shafa masa ɗan giris ba.

Faɗi da tsayi su ne 8Jx17, wato faɗin inci 8, tsayin inci 17, daidai da na masana'anta ga taya 225/45. Dalilin saukowa daga 18 yana cikin lissafin taya. A 225/40 R18, gefen taya kashi 40 cikin ɗari ne na 225, milimita 90 ke nan. A 225/45 R17 ya zama 101. An ƙara milimita 11 na roba da iska tsakanin wili da bakin rami, kuma tsayin ƙafar gaba ɗaya kusan bai motsa ba: 637 a da, 634 yanzu. Tsayin nan shi ake tsarewa, don da shi agogon gudu da ABS (na'urar hana taya kullewa a birki) da DSC (mai hana mota zamewa) suke lissafi. Wani zai ce a sa 225/50 R17 don mota ta ƙara tashi daga ƙasa. Tsayinta 657 ne, ya haura na asali da fiye da kashi 3 cikin ɗari, agogo zai riƙa nuna ƙasa da gudun gaskiya, kuma tana iya gogar rufin taya idan an juya sitiyari har ƙarshe. Saukowa zuwa inci 16 da 205/55 R16 ma yana yiwuwa a 320i da 325i da 328i, amma faifan birkin 330i da 335i ya yi wa 16 girma.

Sai ET, wadda ita ce aka fi yin sakaci da ita. Nisa ne a milimita tsakanin tsakiyar faɗin wili da fuskar da ke manne wa hob. Lamba ƙarama tana turo wili waje, babba tana shigar da shi ciki. Na masana'anta a 8Jx17 shi ne ET34, nawa ET35, bambancin milimita ɗaya ba komai ba ne. Tarkon shi ne wilin wasu BMW da ramukansu suka yi daidai. Na 5 Series E60 yawanci ET20 ne: zai ɗauru tsaf, amma ya fito waje da milimita 14, taya ta riƙa dukan bakin fenda idan an ɗauki mutane a baya. Na E46 kuma akwai masu ET47, su ciki suke shiga da milimita 13, kusa da shokazoba. Idan faɗi ya sauya, lissafi ya zama biyu. Wili 8.5J ya fi 8J da milimita 12.7, rabi ciki rabi waje, sannan a ƙara ko a rage bambancin ET. Ni dai iyakata milimita biyar sama ko ƙasa da na asali, in ya wuce haka sai an gwada a jikin mota an loda mata kaya.

Ta biyar ita ce nauyin da wili zai ɗauka. Takardar da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba ta nuna iyakar nauyin gatarin baya. A raba biyu, wili ɗaya ya zama yana ɗaukar wannan ko fiye. Na nemi alamar JWL da VIA, ma'aunin gwajin Japan, a zube cikin ƙarfen ba a sitika ba. Ana kwaikwayonsu, gaskiya ne, amma wilin da ba shi da lambar nauyi, ba sunan kamfani, ba ranar ƙira, ban ma ɗaga shi ba. Araha ba ta ado, balle a abin da ke ɗauke da rai a gudun 120. Wanda zai sayi na hannu, ko a Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Ladipo, ya wanke cikin gangar wilin ya haska da tocila. Walda tana ɓuya ƙarƙashin sabon fenti, kuma fenti mai sheƙi a ciki kaɗai, waje ya dushe, abin tambaya ne. Aloyin da aka gasa aka buga aka miƙe ya riga ya rasa ƙarfinsa a wurin.

Noti kuma nasu daban. E90 ba ta da ƙusoshi a jikin hob, noti mai jiki ne ke shiga ciki: M12x1.5, wuyansa mazurari mai kusurwa 60, kansa na sifana 17, jikinsa wajen milimita 26. Na Mercedes da Audi na asali wuyansu zagaye ne, in aka sa su a rami mai mazurari gefe kaɗan suke taɓawa, kuma suna kwancewa a hanya. F30 da ta gaji E90 ta koma M14x1.25, ba sa musanyuwa. Sabon wili yana iya fin na asali kauri a cibiya ko ya gaza shi, don haka ake ƙirga juyi: daga inda noti ya kama zare zuwa inda ya tsaya, kada ya gaza juyi shida da rabi. Wanda ya yi tsawo kuma, a baya yake ɓarna, yana kutsawa cikin gangar birkin hannu ya taɓa sifirin, a riƙa jin ƙas-ƙas duk juyin taya.

Sansar iska

Hanya biyu E90 take gane taya ta sace. Wasu, musamman shigowar Turai, ba su da komai cikin taya: na'urar ABS ce ke lura da ƙafar da ta fi sauran saurin juyawa, don taya mai ƙarancin iska gajeruwa ce. Wasu kuma kowace taya da sansarta a gindin bawul, mai batir a ciki, tana aika saƙo ta rediyo. Dokar Amurka ta wajabta na'urar lura da iska a sababbin motoci daga Satumban 2007, kuma E90 da suka fito can a waɗannan shekaru galibi masu sansa ne. Ganewa ba wuya: bawul na baƙar roba mai lanƙwasa, babu sansa, na ƙarfe mai ɗan noti a gindi, akwai.

Tawa mai sansa ce. Batirin a rufe yake, ba a sauya shi, yana yin shekara biyar zuwa goma, don haka na motar 2009 in ba a taɓa sauya su ba sun riga sun mutu ko suna hanya. Na sayi sababbi huɗu. Na BMW a kan mita 433 MHz suke aiki har a motocin Amurka, kuma kamfanin ya sauya nau'insu a tsakiyar rayuwar samfurin, shi ya sa ake saye da lambar da ke jikin tsohuwar ko da lambar shasi, ba da sunan mota kawai ba. Ɗan notin bawul ana ɗaure shi da wajen 4 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri), abin da yatsu biyu za su yi da ƙaramar sifana. In an matsa, robar da ke toshe iska ta fashe ko bawul ya karye. Allurar cikin bawul ta zama mai ruwan azurfa, ba ta tagulla ba, murfi kuma na roba. Tagulla da alminiyam in sun haɗu da danshi suna cin juna, ranar da za a kwance sai bawul ya biyo murfi.

Masu aikin kwamfutar mota suna iya mayar da ita kan tsarin ABS a huta da sayen sansa, kuma yana aiki. Ni na fi son sansa, don tana faɗa tun iska ta fara raguwa. Da run-flat gargaɗin yana cewa ka rage gudu ka ci gaba. Da taya ta gama-gari cewa yake ka nemi wurin tsayawa yanzu.

A wajen taya, bayan girma akwai lamba da harafi, misali 91W. Lamba 91 tana nufin kilo 615 a taya ɗaya, 94 kuma 670. V gudun 240 ne, W 270, Y 300. Kada a sauko ƙasa da abin da takardar ƙofa ta ce. Na ɗauki 94W mai alamar XL, don gininta ya fi ƙarfi, yana rage lakakin da ake ji bayan an bar run-flat, yana kuma jure kaya. Lambobi huɗu na ƙarshen layin da ya fara da DOT a gefen taya su ne ranar ƙira: 2324 yana nufin mako na 23 na 2024. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC shekara huɗu take ƙirgawa daga wannan rana, don haka taya da ta yi shekara biyu a shago, rabin rayuwarta ya tafi kafin ta taɓa kwalta. Ma'aunin zafi a jikin taya A ne ko B ko C. Mai bin hanya a watan Afrilu ya nemi A. Wadda ke da hoton dutse da ƙanƙara a gefe ta hunturun Turai ce, robarta laushi gare ta, a zafinmu narkewa take yi tana cinyewa.

Ranar aiki

Kafin a taɓa taya ko ɗaya, na gwada wili tsirara a ƙafar gaba, domin mai shago ba ya karɓar wilin da aka riga aka ɗaura wa roba. Giya a P, birkin hannu a sama, dutse a bayan taya. Noti ana sassauta su mota tana ƙasa. In akwai noti mai makulli, a nemo makullinsa tun da wuri, yawanci yana but ko aljihun gaba. Wurin jak huɗu ne ƙarƙashin dogarin ƙofa, kowanne da ɗan akwatin roba mai rami; jak na gareji mai faffaɗan kai yana murƙushe shi, sai an sa guntun katako ko roba mai shiga ramin. Na sa zobe, na ɗora wili, noti uku da hannu, na juya. Tsakanin ƙafafun wili da kalifar birki a sami aƙalla milimita uku, a kuma leƙa baya a ga tazarar shokazoba.

Tsohon wili yakan ƙi fita ko an cire noti duka, saboda alminiyam da ƙarfe sun kama juna. A mayar da noti ɗaya juyi biyu don kada ya faɗo, a juya wa motar baya a daki gefen taya da diddige. Da ya fita, leɓen hob ya bayyana da wani farin gari gauraye da jan tsatsa, yana zubowa in an taɓa. Wannan sai an kankare shi da buroshin ƙarfe har ƙarfen ya yi haske, leɓe da fuska duka. Ɓarɓashin da bai kai rabin milimita ba a fuskar hob ya isa ya karkatar da wili. Giris ɗan kaɗan a leɓen kawai. Fuska a bar ta a bushe, zaren noti ma haka, don noti mai mai yana wuce ƙarfin da aka auna masa.

Cire run-flat ba aikin mai faci na bakin titi ba ne, ba don raini ba, kayan aikinsa ne ba su kai ba. Ƙarfe biyu da guduma ba sa tanƙwara wannan gefen sai sun ci bakin wili. Shago mai injin cire taya mai hannun taimako ake nema, kan injin kuma da rigar roba. Wajen karya bakin taya a nisanci bawul, in ba haka ba faranti ya murƙushe sansa. Idan da sanyin safiyar hunturu ne a bar tayoyin a rana su ɗan yi ɗumi, robar tana saki. Da aka buɗe ta bayan da ke satar iska, cikinta cike yake da baƙin garin roba mai laushi kamar tukar shayi, gefen ya yi zobe mai duhu ta ciki, daga waje kuwa ba abin da ya nuna. Irin wannan ba ta sayaruwa ga kowa, na sa an yanka gefenta.

Sabon wili na sa an fara juya shi a injin balansin ba taya. In bakinsa yana kaɗawa fiye da milimita ɗaya, a mayar. Sannan sansa, sannan roba. Taya mai rubutun Outside wannan gefen ne waje. Mai kibiya da Rotation kibiyar ta bi juyin gaba, ke nan akwai na dama akwai na hagu. Ɗigon rawaya shi ne wurin da taya ta fi sauƙi, ana saita shi da bawul. Abin shafawa sabulun taya ne ko ruwan sabulu, ban da baƙin mai, yana cin roba kuma taya takan zame a kan wili in an taka birki, balansin ya lalace. Wajen hura iska za a ji tas sau biyu, bakin ciki da na waje sun hau. In an kai psi 40 bai hau ba, a sace iskar a ƙara sabulu a sake, kada a yi ta ƙarawa. Dabarar fesa fetur a kunna ashana kuwa ko kusa. Bayan ya hau a bi siririn layin da ke zagaye gefen taya da ido, tazararsa da bakin wili ta zama ɗaya ko'ina.

Dalmar balansin ta mannawa ake sa wa aloyi, ta ciki, bayan an goge wurin da sifirit. Ta matsewa tana kankare fenti ta buɗe wa ruwa hanya. Wili ɗaya ya nemi giram 85 a gefe guda. Maimakon a jera masa dalma, na sa an sace iska an juya tayar rabin da'ira a kan wili, ya sauko 30. Duk abin da ya haura giram 60 a sabon wili da sabuwar taya, a juya tukuna.

Ɗaurawa da hannu ake farawa, kowane noti ya shiga juyi uku ko huɗu ba gardama. Bindigar iska in ta kama zare a karkace, hob ta lalata. A bi su a tsallake, ɗaya a bar ɗaya, yadda ake zana tauraro. A sauke mota, a ƙarasa da sifana mai awon ƙarfi a kan 120 Nm. Yaran shago sun saba hawa kan sifana da ƙafa, wannan yana miƙar da noti, yana iya karkatar da faifan birki, kuma ranar da taya ta fashe a daji ba mai iya kwancewa.

Iska ana sa ta taya tana sanyi, bisa takardar ƙofa, gaba daban baya daban, kuma bayan E90 ya fi gaba. Lambar da ke jikin taya iyaka ce, ba abin da ake hurawa ba. Bar ɗaya psi 14.5 ne, ga wanda gejinsa ya bambanta da takardar. Sannan a sanar da motar. Mai iDrive, wato allon sarrafa mota a dashbod, yana shiga wajen taya ya zaɓi sake saiti. Marar shi ya tayar da inji, ya riƙa tura ɗan maɓallin da ke jikin sandar sigina har hoton taya ya fito, ya danna na bakin sandar, ya sake dannawa ya riƙe wajen daƙiƙa biyar, ya tuƙa. Cikin 'yan mintuna take koyon sababbin sansa. Tarko a nan shi ne motar tana ɗaukar duk iskar da ta tarar a matsayin daidai, don haka geji ne farko, saiti daga baya.

Alaimen na ƙafa huɗu ya zama dole, tunda ramin da ya tsaga wili bai bar saiti yadda yake ba. Bayan E90 ana saita shi da noti masu karkataccen kai, kuma in ya kauce cikin tayoyin baya yake cinyewa, waje yana nan sabo. Kafin alaimen a duba bushin hannun gaba, masu ruwa ne a ciki, in sun fashe za a ga baƙin tabo a jikinsu, sitiyari kuma yana girgiza in an taka birki. Saiti a kan mataccen bushin asarar kuɗi ne.

A kan hanya bambancin a fili yake. Gaɓar kwalta da ƙananan ramuka sun daina bugowa cikin kujera, ƙarar dashbod ta ragu, motar ta bar bin sawun da tireloli suka kwarta a titi. Abin da aka rasa shi ne ɗan kaifin sitiyari: in an karya kwana akwai ɗan jinkiri kafin gaba ya amsa, don gefen taya yana lanƙwasa tukuna, kuma shokazoba da sifirin an auna su ne da taya mai tauri. Ƙarin bar 0.1 zuwa 0.2 a kan na takarda ya rage wannan sosai. Sabuwar taya tana da santsi a kilomita ɗari biyu zuwa uku na farko, ba lokacin gwada gudu ba ne.

Saura safaya, wadda in ba a tanade ta ba gara a bar run-flat ɗin. Na sayi siririya 125/80 R17 a wili mai 5x120, tsayinta 632, ya yi daidai da sauran. Iskarta bar 4.2, wato psi 60, gudunta kada ya wuce 80. Tunda ba rami, a kwance take a but cikin jaka, ɗaure da igiya a ƙugiyoyin kaya, don taya sakakkiya a birkin gaggawa makami ce. Tana cin wuri, wannan ba makawa. Mai doguwar tafiya irin Kano zuwa Maiduguri gara ya sayi wili na biyar cikakke, wanda kuma shi ne amfanin yin ƙafa huɗu girma ɗaya: safaya ɗaya ta shiga ko'ina, ana kuma iya juya na gaba zuwa baya duk kilomita dubu takwas zuwa goma. Tare da ita akwai jak mai kan da ke shiga akwatin robar nan, doguwar sifana 17, ƙaramin famfo mai aiki da wutar mota, da igiyoyin toshe huji. Igiyar ta tsakiyar taya ce, hujin da bai wuce milimita shida ba, kuma ta kai ka shago ce a yi faci ta ciki; gefe ba a toshe shi. Ruwan toshe huji na kwalba yana da ranar lalacewa, yana kuma dame sansa, ban sa shi a lissafi ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka a gida na gwada safayar a ƙafar gaba da ta baya, da jak ɗin da sifanar da za su zauna a motar. A nan ake gane ko notin sabon wili sun yi wa safaya tsawo, tunda cibiyarta ba ta kai tasu kauri ba. In haka ne a ajiye biyar na asali a jakarta. Bayan kilomita 50 zuwa 100 na sake bin noti ashirin da sifanar awo, domin fentin ramukan sabon wili yana murƙushewa ya bar ɗan sako-sako. Iskar safaya kuma a riƙa aunawa duk wata tare da sauran, ita ba ta da sansar da za ta kai ƙara.